Ɗana mai jifa ne a wasan besbol: me zai yi a watannin hutun kakar wasa?

Wani uba da ke zaune da iyalinsa a Amurka ya aiko da tambaya a kan ɗansa mai shekara 16, wanda ke jifa a ƙungiyar besbol ta makarantar sakandare. Yaron ya buga wasannin makaranta daga Maris zuwa Mayu, ya bi wata ƙungiya yawon gasa a lokacin zafi, sannan ya ƙara da wasannin Satumba da Oktoba. Makaranta za ta koma atisaye a tsakiyar Fabrairu, wasan farko kuma a tsakiyar Maris. Wani koci ya ce ya ajiye ƙwallo gaba ɗaya, wani kuma ya ce ya shiga shirin jifa da ƙwallaye masu nauyi don gudun jifansa ya ƙaru. Wanne zai bi?

Malam, kafin ka zaɓi tsakanin kociyoyin nan biyu, ɗauki kalanda ka sa alama a ranar wasan farko, sannan ka yi lissafi da baya. Hannun da ya huta yana buƙatar kimanin mako shida na jifa a shimfiɗaɗɗen fili, da wasu mako huɗu zuwa biyar a kan tudun jifa, wato ɗan tudun da mai jifa ke tsayawa a kai a wasa, kafin ya iya fuskantar mai bugu a gasa. Idan ka cire waɗannan makonni daga tsakiyar Maris, za ka faɗa farkon Janairu. Ke nan Nuwamba da Disamba su ne watannin da yaron ba zai ɗaga hannu sama ya jefi komai ba. Kocin farko ya yi gaskiya a kan waɗannan watanni biyu. Inda za a yi kuskure shi ne a bar hutun ya zarce har Fabrairu, yaro ya dawo fili da ɗanyen hannu, a ɗora shi kan tudu cikin mako guda.

Dalilin hutun yana cikin gwiwar hannu. A gefenta na ciki, ɓangaren da ke kallon jiki, akwai wata gajeriyar jijiya da ke ɗaure ƙashin sama da na ƙasa. Lokacin da mai jifa ya taka ƙafar gaba, ƙirjinsa ya juyo, hannun kuma ya kwanta baya, gwiwar hannun tana neman buɗewa ta ciki, kuma jijiyar nan ce ke riƙe ta. Nauyin da ke faɗa mata a kowane jifa mai ƙarfi yana kusa da iyakar abin da za ta iya ɗauka, naman da ke tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu ne ke taya ta. Idan naman ya gaji, jijiyar ta rage ita kaɗai. Kuma jijiya ba ta warkewa da sauri kamar nama, domin jinin da ke isa gare ta kaɗan ne. Ƙananan tsagewa suna taruwa wata bayan wata, har ranar da za ta yanke. Tiyatar da ake yi a kanta ita ce ake kira Tommy John, da sunan ɗan wasan Los Angeles Dodgers da Dokta Frank Jobe ya fara yi wa ita a 1974. Wanda aka yi wa yakan ɗauki wata 12 zuwa 18 kafin ya koma gasa. Ga ɗan shekara 16, wannan ya cinye sauran shekarunsa na sakandare kusan duka.

Cibiyar binciken lafiyar 'yan wasa ta ASMI da ke Birmingham a jihar Alabama ta daɗe tana bin wannan al'amari. A wani bincikenta na 2006, an ga cewa matasan da ke jifa a gasa fiye da wata takwas a shekara sun ninka sauran kusan sau biyar wajen haɗarin shiga tiyata, waɗanda suka saba jifa da gajiyayyen hannu kuwa sun ninka sau 36. Wani binciken na 2011 da ya bi yara tsawon shekara goma ya nuna cewa wanda ya wuce zagaye 100 na jifa a shekara (zagaye ɗaya, wato inning, shi ne jifan da ake yi har a fitar da masu bugu uku) ya ninka sauran sau uku da rabi wajen samun mummunan rauni. Daga irin wannan ne MLB, hukumar babbar gasar ƙwararru ta Amurka, da USA Baseball, hukumar besbol ta ƙasar, suka fitar da ƙa'idojin Pitch Smart a 2014: aƙalla wata huɗu a shekara ba jifa a gasa, kuma daga ciki wata biyu zuwa uku a jere ba jifa kowane iri. Ɗanka ya yi Maris zuwa Oktoba, wata takwas cif. Yana bakin iyaka. Ka zauna da shi ku haɗa zagayen da ya jefa a duk ƙungiyoyin uku, domin kowane koci nasa kawai yake ƙirgawa. Idan jimillar ta haura 100, a ja hutun ya kai mako goma, a sanar da kocin makaranta tun yanzu cewa yaron zai makara da mako biyu.

Mako biyun farko na Nuwamba a bar shi ya sarara. Ya yi barci, ya hau keke, ya buga ƙwallon ƙafa da abokai. A cikin waɗannan kwanaki ne ya dace likitan 'yan wasa ko mai gashin ƙashi ya duba shi. Abin da ake aunawa shi ne juyin kafaɗa: a kwantar da shi rigingine, a juya hannun baya sannan gaba, a haɗa jimillar, a kwatanta da ɗayan hannun. Ba laifi ba ne hannun jifa ya fi kwantawa baya ya kuma gaza zuwa gaba, amma jimillar ya kamata ta yi kusan daidai a hannayen biyu. Bambancin da ya wuce digiri biyar abin gyarawa ne kafin Janairu. A duba ko gwiwar hannun tana miƙewa sarai, a danna gefenta na ciki a ji ko akwai zafi. A shekarunsa mai yiwuwa wurin da ƙashi ke girma a nan bai gama haɗewa ba, kuma wurin ya fi jijiyar rauni, don haka in akwai ciwo, hoton ƙashi ya zama dole.

Daga mako na uku sai a shiga ɗaga ƙarfe, kwana uku a mako. A nan ne ake samun gudun da kocin na biyu yake nema, domin ƙarfin jifa daga ƙasa yake tasowa: ƙafar baya ta tura, ƙafar gaba ta tokare, ƙugu ya juya kafin ƙirji, hannu kuma shi ne na ƙarshe, kamar bakin bulala. Yaron da ƙafarsa ta gaba ke lanƙwashewa idan ya taka, ƙarfin da ya taro yana zubewa a ƙasa, sai ya biya bashin da hannunsa. Saboda haka ginshiƙin aikin shi ne tsugunno da nauyi, ɗaga ƙarfe daga ƙasa, da motsin ƙafa ɗaya irin taku a durƙusa gaba, baya da gefe. Mako huɗun farko ya yi sahu uku na kowane motsi, sau 8 zuwa 12 a kowane sahu, da nauyin da zai iya ƙara sau biyu ko uku a kai in ya so. Daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu a ƙara nauyi a rage yawa: sahu huɗu, sau 4 zuwa 6, da hutun minti biyu zuwa uku tsakani. Idan Fabrairu ta kama, a koma kwana biyu a mako, a mai da hankali kan saurin motsi da tsalle. Kwana biyun nan kada a yar da su ko an fara gasa, in ba haka ba ƙarfin da aka tara zai zagwanye kafin Mayu.

A saman jiki, ja ya ninka turi: duk sahu ɗaya na turawa, a yi biyu na jawowa. Akwai motsin da mai jifa zai bar wa masu gina ƙirji: ɗaga sandar ƙarfe ta bayan wuya, sauke jiki ƙasa tsakanin sanduna biyu, da danna sandar ƙarfe mai nauyi har ta taɓa ƙirji. Gaban kafaɗar mai jifa ya riga ya saki saboda yawan kwantawa baya, waɗannan motsi kuma ƙara buɗe shi suke yi. Turin ƙasa da hannaye, ko danna ƙananan ƙarafa ɗaya a kowane hannu, sun wadatar. Ga juyin ƙugu kuma, ƙwallon nauyi mai kilo biyu zuwa uku: ya tsaya gefe da bango, ya wurga ta da hannu biyu daga ƙugu, sahu uku, sau shida kowane ɓangare, duka ɓangarorin biyu. Idan ƙwallon ta yi nauyin da har motsin ya yi sanyi, amfanin ya tafi.

Akwai wani aiki da yara ke rainawa saboda ba ya sa gumi, alhali shi ne kariyar hannun. Ƙananan tsokoki huɗu ne ke riƙe kan ƙashin damtse a cikin gurbinsa, kuma na baya daga cikinsu su ne birki. Bayan an saki ƙwallo, kafaɗa tana juyawa da gudun da ya kai digiri 7,000 a daƙiƙa, su ne ke tsayar da ita. Jerin motsi goma da Kevin Wilk ya tsara, wanda ake kira Thrower's Ten, an yi shi ne dominsu, da igiyar roba da ƙarfe mai kilo ɗaya zuwa biyu. Ɗauki ɗaya daga ciki: yaro ya kwanta a gefen da ba ya jifa da shi, ya naɗe tawul ya matse a hammata, gwiwar hannu a lanƙwashe, ya ɗago ƙarfen daga cikinsa zuwa sama a ƙirga biyu, ya sauke a ƙirga huɗu. Idan ka ga kafaɗarsa tana hawa wajen kunne, ko jikinsa yana mirginawa baya, ƙarfen ya yi masa nauyi, manyan tsokoki sun karɓe aikin. Sahu biyu zuwa uku, sau 12 zuwa 15, kwana uku a mako, tun daga Nuwamba har ƙarshen kakar wasa. A haɗa da murɗa wuyan hannu da juya guduma hagu da dama, don naman da ke taya jijiyar gwiwar hannu.

Gudu: gajere, da ƙarfi. Mita 10 zuwa 30, sau shida zuwa goma, da hutun kamar minti ɗaya ga kowace mita goma, kwana biyu a mako. Tsohuwar al'adar sa masu jifa su yi ta zagaya fili na rabin awa ba ta yi kama da aikinsu ba, wanda fashewa ce ta daƙiƙa ɗaya sai hutu. Tsagewar naman bayan cinya tana cikin raunukan da suka fi yawa a ƙwararrun 'yan besbol, maganinta kuma mai arha ne: ya durƙusa a kan tabarma, wani ya danne masa idon sawu, ya riƙa sunkuyawa gaba a hankali jiki a miƙe har ya tare ƙasa da hannu. A fara da sahu biyu, sau biyar, sau ɗaya a mako, domin cinyar za ta yi tsami sosai a farko.

Sai Janairu, lokacin da za a sake ɗaukar ƙwallo. Litinin, Laraba, Juma'a. Kafin kowane jifa, a ɗumama jiki minti goma har gumi ya tsattsafo, sannan igiyar roba. Tsarin da masu gashin ƙashi suka saba amfani da shi yana farawa daga ƙafa 45, wato kimanin mita 14: jifa 25, hutun minti biyar, wasu 25. Daga nan ƙafa 60, sai 90, sai 120, kimanin mita 18, 27 da 37. Kowane mataki a yi shi aƙalla sau biyu ba ciwo kafin a wuce, kuma kafin a ƙara nisa a fara ƙara yawa zuwa sahu uku. Ya jefa da ɗan tsalle gaba, ƙwallon ta yi ɗan baka a sama. Ƙafa 120 ta ishi mai jifa ya hau tudu. Wasu suna kaiwa 150 ko 180, ba laifi in salon jifan bai canja ba. Da zarar ya fara jingina baya yana harba ƙwallo sama don ta isa, ya wuce iyakarsa, kuma an auna an gani cewa jifa iya nisa yana ɗora wa gwiwar hannu nauyin da ya fi na jifa daga tudu.

Matsalar da ke ɓata wannan tsari ita ce kalmar "rabin ƙarfi". An gwada masu jifa aka ce su yi da rabin ƙarfinsu, sai ga ƙwallo tana tafiya da kashi 85 cikin ɗari na cikakken gudunta, nauyin da ke kan gaɓoɓi kuma kashi 75. Yaro ba zai iya auna ƙarfinsa da ji ba. Nisa ne ke auna masa, shi ya sa ba a tsallake matakai. Idan kuna jihar da dusar ƙanƙara ke rufe filaye, kuka koma jifa cikin raga a ɗaki, haɗarin ya ƙaru, domin raga tana gabansa taku biyar, babu abin da zai nuna masa ya zarce. A nan na'urar auna gudu tana da amfani a matsayin linzami: a sa masa iyakar da ba zai wuce ba a kowane mako.

Dole ya san bambancin tsami da ciwo. Idan hannun ya yi tsami wajen ɗumama jiki amma ya saki cikin jifa 15 na farko, a maimaita matakin da ya gabata. Idan tsamin ya wuce awa ɗaya bayan an gama, ko ya kwana, a huta kwana ɗaya a maimaita. Idan bai saki ba bayan jifa 15, a tsaya, a huta kwana biyu, a koma mataki ɗaya baya. Suka kamar allura a cikin gwiwar hannu, jin kan yatsa ƙarami da na kusa da shi sun mutu, ko jin hannu ya yi nauyi kamar ba nasa ba, waɗannan na likita ne a ranar.

Tsakiyar Fabrairu ya hau tudu, sau biyu a mako da kwana uku tsakani. Tazarar ita ce ƙafa 60 da inci shida, amma gangaren tudun yana ƙara wa taku tsawo da sauri, don haka a fara da miƙaƙƙen jifa zalla: 15, sai 20, sai 25, sai 30. A zama na uku ko na huɗu a shigo da jifan yaudara mai rage gudu, mai lanƙwasa kuma sai mako na uku, shi ma jifa biyar ko shida kawai. A mako na huɗu a kwaikwayi wasa: jifa 15, ya zauna minti shida zuwa takwas da riga mai ɗumi, ya tashi ya yi wasu 15. Mutane da yawa suna tsallake wannan, alhali sanyaya da sake tashi shi ne abin da hannu ke fuskanta a gasa. Bayan haka ya fuskanci masu bugu na ƙungiyarsu sau ɗaya ko biyu. A wasan farko jifa 40 zuwa 50 ya isa, a riƙa ƙara 10 zuwa 15 kowane fita. Iyakar Pitch Smart ga 'yan shekara 15 da 16 ita ce 95 a rana, wanda ya kai 76 kuma sai ya huta kwana huɗu. Wannan adadi na tsakiyar kakar wasa ne, bai dace da Maris ba.

Mu dawo kan ƙwallaye masu nauyi. Ƙwallon besbol nauyinta gram 142 zuwa 149 ne. Shirye-shiryen da cibiyoyi irin su Driveline da ke jihar Washington suka yaɗa suna amfani da waɗanda suka fi haka nauyi da waɗanda suka gaza, kuma gaskiya ne suna ƙara gudu. A binciken da Mike Reinold da abokan aikinsa suka wallafa a 2018, matasa sun yi mako shida a irin wannan shiri, gudunsu ya ƙaru da kusan kashi uku cikin ɗari. Amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka yi shirin sun ji rauni a gwiwar hannu, a lokacin ko a kakar wasan da ta biyo baya, waɗanda ba su yi ba kuwa babu ko ɗaya. Abin da ya canja a jikinsu shi ne kafaɗar ta ƙara kwantawa baya cikin ɗan lokaci, wanda ake ganin shi ne ke ƙara gudu, ya kuma ƙara wa jijiyar nan nauyi. A ganina bana ba shekararsa ba ce. Ya fito daga wata takwas na gasa, kuma shirin zai cinye daidai watannin da hannun ke buƙatar hutu. Idan baɗi ya gama girma, ya yi ƙarfi, kuka yarda ya bar wasannin Satumba da Oktoba don a sami fili a kalanda, to a yi shi gaban wanda zai tsaya yana ƙirga kowane jifa. Haka nan tarukan baje kolin gwaninta da ake shiryawa a Disamba da Janairu, inda yaro ke jifa iya ƙarfinsa gaban masu zaɓen 'yan wasa da na'ura a hannu: hannun da bai shirya ba ba zai nuna gudun kirki ba, ga kuma haɗari. Ku jira na bayan Mayu.

Yaron zai ce maka ai ƙwararru suna wasa a hunturu. Gaskiya ne, akwai gasa a Jamhuriyar Dominika, Benezuwela, Meziko da Puerto Rico daga Oktoba ko Nuwamba zuwa Janairu, amma masu jifan da ake turawa can galibi waɗanda ba su sami isasshen aiki ba ne a kakar da ta wuce, kuma ƙungiyoyinsu suna iyakance musu. Wanda ya yi cikakkiyar kakar MLB ta wasanni 162 yakan ajiye ƙwallo na wasu makonni, ya fara jifa a hankali, ya isa sansanin Florida ko Arizona a tsakiyar Fabrairu ya riga ya hau tudu sau da yawa, sannan a ba shi wasu mako shida kafin wasan farko. A Japan ma sansani yana buɗewa ranar 1 ga Fabrairu a Okinawa da Miyazaki, 'yan wasa kuma sun shafe Janairu suna shirin kansu.

Idan yana bugu ma, sanda ba ta shiga dokar hutun jifa. Ya huta mako uku, sannan ya fara da ƙwallo a kan turke, bugu 30 zuwa 40, sai wadda ake jefo masa a hankali daga gefe da gaba, injin da ke harbo ƙwallo da jifan gaske kuma sai Fabrairu. Tashi ɗaya a yi bugu 200 bayan dogon hutu shi ke tsaga naman kwiɓi, kuma wannan yakan kwantar da mutum mako huɗu ko fiye.

Abinci: yaro mai kilo 70 da ke ɗaga ƙarfe yana buƙatar kimanin gram 110 zuwa 140 na sinadarin gina jiki a rana. Ƙwai ɗaya gram shida ne, kofin madara takwas, gram 100 na dafaffen ƙirjin kaza kimanin 30, ga wake da kifi. Da tuwo ko shinkafa a gefe, abincin gida ya ishe shi, tare da barcin awa takwas zuwa goma. Duk garin ƙarin ƙarfi da za a saya, a duba tambarin NSF Certified for Sport a jikinsa, domin ana samun haramtattun sinadarai a cikin wasu, kuma a MLB kamun farko dakatarwar wasanni 80 ce. A shekarun nan azumin Ramadan yana faɗowa a Fabrairu da Maris, daidai makonnin hawa tudu. Ku yi magana da kocin tun da wuri: ɗaga ƙarfe ya koma awa ɗaya da rabi bayan shan ruwa, zaman tudu kuma in zai yiwu a yi shi da dare a ɗakin atisaye, in kuma dole sai da la'asar, a rage adadin jifan da kashi ɗaya cikin huɗu, a tsayar da shi da zarar ƙwallayensa sun fara tashi sama ko gwiwar hannunsa ta fara sauka ƙasa da kafaɗa.